Yadda ake amfani da farantan melamin a teburin ɗebi-da-kanka

Duk wanda ya shiga sana'ar dafa wa taro abinci ba ya daɗewa yake gane cewa kayan da ake jera abincin a kai suna cin kuɗi kamar abincin kansa. Tangaran yana da kyau, amma ga nauyi, kuma da ya suɓuce daga hannu shi ke nan. Katako yana shan mai da ruwan nama, ba ya shiri da injin wanke-wanke, in ya kwana biyu sai ya tsage. Shi ya sa otal-otal da masu girkin biki da taro suka koma ga shimfiɗaɗɗun farantan melamin, wani irin roba mai tauri, waɗanda ake yi wa zanen katako ko na baƙin dutse ko na mabul. Ga kyau a ido, ga rashin nauyi, kuma ba kasafai suke fashewa ba.

Na yi shekaru ina aiki da su, kuma abin da nake fara gaya wa sabon ma'aikaci ba ya canzawa: wannan faranti na jera abinci ne kawai. Ba a dafawa a kansa, ba a ɗumamawa, ba a yanka. Lafiyarsa duk tana cikin santsin fuskarsa, ranar da santsin ya tafi faranti ya gama aiki ko da bai fashe ba.

Abin da ya kamata ka sani game da shi kaɗan ne. Ana haɗa sinadarin melamin da wani da ake kira fomaldehaid, a zuba garin zaren itace, a matse a cikin mazubi da zafi har ya daskare. Da zarar ya daskare ba ya sake narkewa kamar sauran roba. In zafi ya yi masa yawa sai dai ya ƙone, ya yi ƙuraje, ya tsattsage. Abu na biyu, zafi da tsami suna sa kaɗan daga sinadaran nan biyu su fita daga jikin farantin su shiga abinci. Hukumar tantance haɗari ta Jamus, BfR, ta nuna a 2011 cewa har zuwa digiri 70 a ma'aunin Salshiyas babu matsala, amma kada a dafa ko a ɗumama abinci a ciki; a 2019 kuma ta ba da shawarar kada a ci ko a sha abu mai zafi a cikinsa. Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade cewa abin da zai fita kada ya wuce miligiram 2.5 na melamin da miligiram 15 na fomaldehaid a kowane kilo na abinci. Wani baƙo zai iya tuna maka da abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008, inda jarirai suka yi rashin lafiya saboda melamin. Wancan zuba garin sinadarin aka yi kai tsaye cikin madara don ha'inci, ba cin abinci a kan faranti ba ne.

Kayan da za ka tanada

Farantan melamin masu girma daban-daban, kuma kowane girma ya zama kana da aƙalla biyu. Katakon yanka na daban da wuƙa mai kaifi. Ƙananan kwanoni na miya da abubuwa masu ruwa. Cokulan ɗiba da maɗauki, kowane faranti da nasa. Takardar da mai ba ya ratsawa, irin wadda ake shimfiɗawa a tiren gasa kek. Ledar naɗe abinci ko murfi mai nuna ciki. Ma'aunin zafin abinci mai tsinke. Ƙanƙara ko fakitin sanyi. Ƙananan dakali na ɗaga faranti a kan tebur. Soso mai laushi, sabulun wanke-wanke, da garin cire tabo mai aiki da iskar oksijin. Sai takardar manne da biro na rubuta lokaci, wanda mutane da yawa ke rainawa alhali shi ne ke hana ka ciyar da mutane abin da ya lalace.

1. Zaɓen faranti

Juya shi ka duba bayansa kafin komai. Faranti na ƙwarai yana ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi, da alamar kofi da cokali mai yatsu wadda ke nuna an yi shi ne don abinci, sau da yawa har da gargaɗin kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci, wato maikurowef. Wasu suna da tambarin NSF, wata hukumar gwaji ta Amurka. Masu sayarwa suna kiran melamin zalla da A5. Akwai masu araha da ake cakuɗawa da sinadarin yuriya, suna kama da na gaske a ido amma ba sa jure zafi da wanki, nan da nan fuskarsu ke dushewa. Ka guji kuma waɗanda aka haɗa da garin itacen gora ana tallata su da sunan kayan itace: Tarayyar Turai ba ta amince da su a matsayin kayan abinci ba, domin gwaje-gwaje sun nuna sinadaran suna fita daga jikinsu fiye da ƙima.

Sannan ka shafa shi da tafin hannu. In ka ji kaushi ko 'yan ramuka, ajiye shi. Ɗora shi a kan tebur ka danna kusurwa ɗaya, in ya yi rawa a karkace yake. Ni na fi son mai ɗan kauri mai ƙananan ƙafafun roba a ƙasa, domin ba ya zamewa in baƙo ya caka maɗauki da ƙarfi. Wanda aka yi wa zurfin zane don ya yi kama da dutse yana da kyau a hoto, amma mai yana maƙalewa a cikin zanen, wankinsa sai da buroshi mai laushi.

2. Girma da adadi

Yawancin kayan ɗakin girki na kasuwanci suna bin awon Gastronorm, wanda ake taƙaitawa da GN. Cikakken girma, GN 1/1, milimita 530 ne a tsawo da 325 a faɗi. Rabinsa, GN 1/2, 325 da 265 ne. Sulusinsa, GN 1/3, 325 da 176. In ka sayi farantai a kan wannan awo za su shiga kantocin firji da amalanken ɗaukar abinci ba tare da ɓata wuri ba. Kafin ka sayi babba, auna kwandon injin wanke-wankenka, domin yawancinsu santimita 50 ne kowane gefe, kuma faranti mai tsawon 53 ba zai kwanta a ciki ba.

Kuskuren sabon shiga shi ne sayen ƙaton faranti guda don ya burge. Ƙananan farantai uku sun fi shi amfani nesa ba kusa ba: ɗaya yana tebur, ɗaya yana firji a shirye, ɗaya yana wurin wanki. Dalilin zai fito fili a mataki na bakwai.

3. Wankin farko

Cire takardar kamfani, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar shi ya bushe a tsaye. In gam ya maƙale, shafa masa ɗan man girki ka bar shi minti kaɗan sai ka goge. Kada ka kankare da wuƙa. A wannan lokacin ne kuma nake ware farantan da ba za su taɓa ɗaukar gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi ko alkama ba, saboda baƙin da jikinsu ba ya karɓar waɗannan. Wani launi na daban nake saya musu, in babu in yi alama a bayansu da fenti marar gogewa.

4. Yanka a gefe, sanyaya faranti

Duk abin da ke buƙatar wuƙa, a yanka shi a katakon yanka kafin ya hau faranti: burodi, cuku, gasasshen nama, 'ya'yan itace. Wuƙa tana barin layi a fuskar melamin, musamman mai haƙora irin ta burodi, kuma kowane layi gida ne na mai da ƙwayoyin cuta. In dole ne baƙi su yanka da kansu, misali cuku mai laushi, ɗora ɗan ƙaramin katako a kan farantin, ko ka ba su wuƙar shafa bota marar kaifi.

Sa farantin a firji kamar rabin awa kafin ka jera abinci mai sanyi. Amma kada ka dogara da wannan. Melamin ba ya riƙe sanyi kamar dutse ko ƙarfe, yana fitowa ba da jimawa ba zai koma zafin ɗaki. Amfanin sanyaya shi kawai kada ya ɗumama abincin tun a minti na farko.

5. Jera abinci

A nan ne hannu ke nuna kansa. Na kan fara da ƙananan kwanoni, in ajiye su biyu ko uku ba a layi ɗaya ba, domin su ne ginshiƙan da sauran abinci zai jingina da su. Duk abin da ke da ruwa, ko tsami, ko launi mai kama jiki, cikin kwano yake shiga: miyar tumatir, zaitun, abin da aka jiƙa a ruwan tsami, duk abin da aka sa wa kurkum. Daga nan sai manyan abubuwa, nama da cuku, sannan matsakaita, sannan a cike gurbi da ƙanana kamar inabi da yankakken kokwamba.

Bar kamar faɗin yatsu biyu a gefen faranti babu komai. Wannan wurin riƙo ne ga mai ɗauka, kuma yana hana abinci zubowa a kan mayafin tebur. Kada ka tara abinci tsibi guda har sai baƙo ya tona kafin ya samu abin da yake so. Jera yanka-yankan ɗaya na hawa kan gefen ɗaya, yadda maɗauki zai ɗauki guda ba tare da ya taɓa sauran ba. Busasshen abu kamar biskit da burodi a nisanta shi daga mai ruwa, kuma a sa shi a ƙarshe, dab da fita, in ba haka ba sanyin firji zai sa ya yi laushi.

Abu mai maiƙo ko soyayye, shimfiɗa masa takarda a ƙasa. Tana tsotse man, tana kare fuskar faranti, tana rage maka rabin wahalar wanki. In ba ka da takardar, ganyen latas da aka wanke aka tsane yana yin aikin. Game da launi kuwa, abinci mai haske ya fi fitowa a kan baƙin faranti, mai duhu a kan fari ko mai zanen katako. Sai dai baƙin yana tona asirin kowane shatin yatsa, don haka ka goge gefensa da tsabtataccen ƙyalle kafin ya fita.

Kana gamawa ka rufe da leda ka mayar firji. Ɗanyen nama ko ɗanyen kifi da za a dafa ba ya hawa wannan faranti ko da na minti ɗaya ne.

6. Shirya tebur

Bi yadda baƙo zai tafi: farantan ci a farkon layi, sai abinci, cokula da tsumman goge hannu a ƙarshe don kada hannunsa ya cika tun bai fara ɗiba ba. Ɗaga farantan baya a kan dakali, na gaba su zauna ƙasa, yadda hannun riga ba zai share abinci ba in mutum ya miƙa hannu. In babu dakali, kifa kwano mai faɗin gindi ka rufe shi da ƙyalle, amma ka girgiza ka tabbata ya zauna daram. Farantin da ba shi da ƙafafun roba, ninka ɗanyen tsumma ka sa a ƙarƙashinsa. Kowane faranti da maɗaukinsa, mariƙin yana waje ba cikin abinci ba, da ɗan kati mai sunan abincin da abin da ke cikinsa.

Abinci mai saurin lalacewa, ɗora farantinsa a kan tiren ƙanƙara ko fakitin sanyi. Ka nisanta teburin daga taga mai rana da kuma duk wani abu mai wuta.

7. Lokaci da sauyawa

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a abinci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki. Hukumomin Amurka sun ƙara da cewa in zafin wurin ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Dokar ƙasarka tana iya bambanta, ita za ka bi, amma ni awa 2 nake riƙewa. Da faranti ya bar firji sai in rubuta lokacin a takardar manne in liƙa a bayansa ko a gefen tebur.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau: ba a ƙara sabon abinci a kan tsohon faranti. In ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, ɗauke shi gaba ɗaya ka kawo sabo daga firji tare da sabon maɗauki. In kana ƙarawa a kai, yankan naman da ke ƙasa zai iya kai awa 4 a waje babu wanda ya sani, ga shi hannaye da yawa sun ratsa ta kansa. Na san zubar da ragowa yana da ciwo, musamman in kai ne ka biya kuɗin cefane. Maganinsa shi ne ƙananan farantai da abinci kaɗan-kaɗan, ta yadda abin da zai rage ba zai taka kara ya karya ba, kuma teburin zai kasance a cike a ido har ƙarshen taro.

8. Abinci mai zafi

Abinci mai zafi dole ya zauna sama da digiri 60, melamin kuwa ba a so ya wuce 70, kuma ba shi da hanyar riƙe zafi. Tazarar ta yi kaɗan. Don haka duk abin da zai daɗe a tebur da zafinsa, mazauninsa kwanon ƙarfe mai ruwan zafi da wuta a ƙasa. Farantin melamin na abin sanyi ne da na zafin ɗaki, sai kuma abin ɗumi da za a cinye nan take.

Abin da ya fito daga mai ko daga gashi, bar shi ya huce minti biyu ko uku a kan ragar ƙarfe kafin ya hau faranti. Kada ka ɗora tukunya ko kaskon da ya sauko daga wuta a kansa. Na'urar ɗumama abinci da tanderu kuwa haramun ne gare shi. Fitilar ɗumama abinci ma haka, kuma wannan da idona na gani. Akwai wani dare da aiki ya yi mana yawa, abokin aikina ya tura wani faranti mai zanen katako ƙarƙashin fitilar don kada soyayyar kaza ta huce. Bayan taro na ɗaga shi na ga tsakiyarsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, da na shafa sai na ji 'yan ƙuraje kamar yashi a ƙarƙashin yatsana. Faranti sabo fil, ranar ce fitarsa ta uku, dole muka cire shi daga aiki.

9. Farantin ci-tare

In faranti zai je tsakiyar teburin mutum huɗu ko shida su ci tare, lissafin ya ɗan canza. Auna teburin tukuna, ka bar wa kowa wurin farantinsa da kofinsa. Dogon faranti siriri ya fi dacewa da dogon tebur, zagayayye ga zagayayyen tebur. Ƙirga yanka-yankan su rabu daidai da adadin mutane, kada mutum huɗu su tsaya kallon guda biyar kowa na jin nauyin ɗaukar na ƙarshe. Raba kowane irin abinci gida biyu, ɗaya a kowane ƙarshen faranti, don kada wani ya riƙa tsallake hannun wani. Kuma kada ka ajiye wuƙar yankan nama kusa da shi, domin baƙo in ya gan ta zai yi amfani da ita. In akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu, nasa ya zo a faranti daban.

10. Wanki

Yi shi da wuri. Faranti na dawowa a share ragowar da cokalin roba, a ɗauraye da ruwan ɗumi. Tumatir, shayi, gahawa da kurkum in suka kwana a kai sai sun bar tabo. Soso mai laushi da sabulu sun isa. Soson ƙarfe, garin gurza tukunya da bilic, duk ukun suna cinye santsin fuskar, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Na taɓa samun sabuwar ma'aikaciya, mai ƙwazo ce ƙwarai, ta ga ɗan tabo ta sa soson ƙarfe ta dirje farantai shida tas. Da suka bushe duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, daga ranar kuma kowane mai sai ya kama su. Laifina ne, domin ban nuna mata ba tun farko.

Injin wanke-wanke ba ya cutar da melamin na ƙwarai in kamfanin ya rubuta haka. Za ka ce ai ruwan ɗaurayar injin yakan kai digiri 82. Haka ne, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne kuma babu abinci a kai. Jera su a tsaye, kada su riƙa gugar juna ko gugar cokulan ƙarfe. In da hannu kake wankewa, ware musu baho, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba na bilic ba bisa awon da aka rubuta a jikinsa, ka bar iska ta busar da su.

11. Cire tabo

Duk bayan mako biyu nake jiƙa su a ruwan ɗumi da garin cire tabo na tsawon minti 15 zuwa 20, sannan in wanke kamar kullum. In babu garin, kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri, shafa a kan tabon, bar shi minti 10, ka goge a hankali da ƙyalle ba tare da dirzawa ba.

12. Ajiya da sallama

Sai sun bushe sarai ake jera su. Masu girma ɗaya a wuri ɗaya, da takarda ko ƙyalle a tsakani, kuma kada tarin ya wuce goma. In akwai kanta mai ramuka, a tsaye ya fi. Wajen ɗauka zuwa wurin taro a sa su a akwati mai murfi a cusa tsumma a gefe, domin melamin in ya faɗi a kan kusurwarsa yana ɓarewa ko da bai tarwatse ba.

Sau ɗaya a wata ka fito da su duka gaban haske, ka karkata kowanne ka duba. Ja farcenka a kan layukan da ka gani: in farce ya maƙale, layin ya yi zurfi. Wanda ya tsage, ko ya ɓare a gefe, ko ya yi ƙuraje, ko fuskarsa ta koma kaushi kamar alli, kada abinci ya sake taɓa shi, kuma kada a liƙe shi da gam. Ba lallai ka jefar ba, zai iya ɗaukar kofuna, kwalaben ruwa ko tsumman goge hannu. Yi masa babbar alama a baya da fenti don kada ranar da aiki ya rincaɓe wani ya mayar da shi cikin na abinci.